Yadda nake sauke gajiyar mako: ƙafa tukuna, sannan littafi, kallo daga ƙarshe

Gyaran waya nake yi a Farm Centre, yau shekara goma sha ɗaya. Daga ƙarfe tara na safe har a kira magariba idona na kan abin da bai kai ƙwayar gero ba, hantsaki a hannu ɗaya, ƙarfen narka dalma a ɗayan, kunnena kuwa na cikin rurin janareta da muryar masu cewa, "Oga, tun jiya fa ka ce in dawo." In na koma gida sai in yi abin da nake zaton shi ne hutu: in miƙe a tabarma in ɗauki tawa wayar. Sha biyun dare ta same ni ina murza gilashi da babban yatsa. Da safe in tashi kamar wanda aka kwana ana jibga.

Akwai batirin da mu masu gyara muke cewa yana cajin ƙarya. Ka jona shi ya nuna maka ya cika, ka zare, kafin ka gama gaisawa da mutum ya ɗauke. Irin hutun da nake yi ke nan a lokacin. Uwargidana ce ta fara ganewa. Wani dare ta ajiye mini tuwo ya huce ban sani ba, sai ta ce, "Maigida, kai fa ko kana gida a shago kake." Maganar ta yi mini zafi don ban sami inda zan kama ta da ƙarya ba.

Abin da na gano bayan shekara uku ina gwadawa shi ne, gajiyar kai ba ta jin kwanciya. Sai ka gajiyar da ƙafa kafin kai ya yarda ya huta. Shi ya sa nake jera abubuwa uku a kan tsari ɗaya, kuma tsarin ne maganin: fita cikin itatuwa da farko, littafi a tsakiya, kallo a ƙarshe kuma da awo. In ka juya su, ka fara da kallo, to ranar ta tafi, sauran biyun ba za su samu ba.

Fitar

Ka fita bayan sallar asuba, kada ka yarda ka koma ɗaki. Wannan ne wurin da yawancin mutane suke faɗuwa, har da ni a watannin farko. "Bari in ɗan kishingiɗa gari ya ƙara haske" ita ce kalmar da ta cinye mini Lahadi ba adadi. Yanzu tun da dare nake ajiye takalmi da gorar ruwa a zaure, in na dawo daga masallaci a nan zan sauya takalmi in wuce, ban ga katifa ba balle ta kira ni.

Lokacin yana ɗan motsawa da yanayi. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano kan haura digiri 40 da rana, don haka kafin ƙarfe takwas ka tabbata ka dawo inuwa. Da hunturu kuwa nakan jira rana ta ɗan ɗago, in sa takunkumi saboda ƙura, in shafa man kaɗanya a dunduniya da leɓe. Mai asma ko ciwon ƙirji, ranar da hazo ya rufe gari ya zauna a gida, ba abin da za a rasa. Damina da kaka su ne gwanayen lokaci, sai dai kowanne da nasa sharrin, zan zo kansu.

Nawa ne ya isa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiyar da za ta sa numfashinka ya ɗan hau amma kana iya magana. A 2019 kuma masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila sun duba bayanan mutum kusan 20,000, suka ga waɗanda ke samun minti 120 a mako cikin itatuwa, bakin ruwa ko fili mai tsirrai sun fi sauran faɗin cewa suna jin lafiya da kwanciyar rai, kuma ba bambanci ko a fita ɗaya aka yi mintocin ko an rarraba su. Ni ga yadda na raba nawa: Lahadi awa ɗaya da rabi, Talata da Alhamis rabin awa kowacce kafin in tafi kasuwa. Batun taku 10,000 da agogunan hannu ke ta damun mutane da shi kuwa, asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a 1965. Ni da nake kwance waɗannan agogunan kullum ban ɗaura ko ɗaya ba.

Sai tambayar da kowa ke yi mini a shago: "To a Kano ina daji?" Gaskiya gini ya ci gari. Amma duk unguwar da kake, in ka miƙe ƙafa ko ka hau adaidaita na 'yan mintoci za ka kai inda siminti ya ƙare. Ni a Rijiyar Zaki nake, don haka titin Gwarzo nake bi in wuce sabuwar Jami'ar Bayero, in gangara ta wajen Rimin Gata in shiga hanyar gonaki, wani lokaci har in hango fadamar kogin Watari. Wanda ke cikin birni yana da Dala da Goron Dutse. Hawan Dala da sassafe ba wasa ba ne ga gwiwa, ka tsaya sau biyu a matakala ba wanda zai yi maka dariya, in ka kai sama kuwa birnin gaba ɗaya na ƙarƙashinka, ga hayaƙin masu ƙosai na tashi unguwa-unguwa, kana tsaye inda tarihin Kano ya ce Barbushe ya zauna tun kafin zuwan Bagauda. Mai ƙananan yara ya nufi Gidan Zoo na Audu Bako, ba don dabbobin kaɗai ba, don inuwar manyan itatuwan da ke ciki. Ka zaɓi wuri ɗaya ka riƙe shi. Kada ka riƙa sauyawa don neman sabon abu. Sai ka bi hanya ɗaya sau ashirin sannan za ta fara nuna maka abin da take ɓoyewa.

Waya fa? Ka tafi da ita saboda tsaro, amma ka kashe data ka jefa ta can ƙasan aljihu. Kada ka sa iyafis, ko da karatu za ka saurara, wannan yana da nasa lokacin. Kunnen nan da ya sha janareta kwana shida, ka bar shi ya ji abin da ba inji ba.

Makonnin farko tafiya kawai nake yi, jikina na gona kaina na shago, ina lissafin wa nake bi wa ke bi na. Abin da ya fitar da ni daga wannan wani dattijo ne da na saba gani yana ɗaure jakinsa a gindin wata bishiya. Ranar na tsaya na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya ce, "Yawwa ɗan nan, kai ne mai wucewa kullum kamar an aike ka?" Na yi dariya. Da damina ne, ko'ina kore shar, sai bishiyar nan tsirara ba ganye ko ɗaya. Na ce, "Baba, wannan ta mutu, me ya sa ba ku sare ta ba?" Ya dube ni irin kallon da ake yi wa ɗan birni, ya ce, "Gawo ne. Ka dawo da rani ka sake faɗar haka."

Na dawo da rani na same ta lulluɓe da ganye, duk sauran sun zube. Gawo haka yake, saɓanin kowace bishiya: yana kakkaɓe ganyensa in ruwa ya sauka, don haka geron da ke ƙarƙashinsa ba ya rasa rana, ganyen da ya zube ya zama taki, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna bar wa gonar kashinsu. Manomi ba ya sare gawo sai in bai san gona ba. A Nijar ma, wajen Maraɗi da Damagaram, manoma sun mayar da miliyoyin itatuwa gonakinsu ta hanyar barin tohon kututture ya girma maimakon a sassabe shi, kuma gawo na cikin na gaba-gaba. Shekarata arba'in da 'yan kai a ƙasar Hausa ban san wannan ba, sai da na kira rayayyiyar bishiya matacciya a gaban mai ita.

Daga ranar na ɗauki wata dabara, ita ce kuma nake ba ka: kowace fita ka dawo da suna ɗaya. Bishiya ɗaya, tsuntsu ɗaya ko ciyawa ɗaya da ba ka sani ba, ka tambayi wanda ka tarar a gona. Haka na koyi raba ɗorawa da tsamiya tun daga nesa, na san kanya da ɗinya da aduwa a jikin uwarsu ba a faranti ba, na san sabara da kalgo da mata ke zuwa nema, na gane darbejiyar da ta cika titunanmu baƙuwa ce daga Indiya. Tsuntsaye sun fi wuya don ba sa tsayawa. Balbela da hankaka da kurciya kowa ya san su. Cilakowa sai ka lura da tashinta, tana hawa tana sauka kamar mai lilo. Zalɓe yana tsaye a bakin ruwa ba motsi har ka zaci kara ne. Shamuwa kuwa ita ce kalandata: in na gan ta wajen Afrilu ko Mayu tana ɗaukar tsinke zuwa kan rimi, na san ruwa ya kusa, in kaka ta yi kuma ta tattara ta nufi kudancin Afirka. Abin da na daɗe ban gani ba shi ne ungulu. Muna yara suna cika mahauta, yanzu sai in yi wata shida ban ga ko ɗaya ba.

Wannan neman suna ba wasan yara ba ne, yana da dalili. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Michigan ta Amurka, Rachel da Stephen Kaplan, sun yi bayani tun 1989 cewa hankali iri biyu ne. Akwai wanda kake tilasta wa kanka, irin na mai gyaran waya, mai lissafi, direba ko malamin da ke duba takardun jarrabawa, shi ne yake ƙarewa. Akwai kuma wanda abu ke jan ka da kansa a hankali, kamar motsin ganye ko gudun ruwa, in wannan na aiki na farkon yana samun sararin farfaɗowa. Waya ma tana jan hankali da kanta, amma da fizga take yi, ba ta barin sarari. Mutanen Japan har suna suka ba wa irin wannan fita a 1982, wai wankan daji. Mu kakanninmu ba su ba ta suna ba don kullum a ciki suke.

Yanzu ga sharrin da na ce zan zo kansa. Da damina ka sa takalmi rufaffe da dogon wando, ka bi inda ƙafa ta riga ta bi, kada ka zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin tarin kara. Kububuwa da kasa ba sa gudu kamar sauran macizai, kwanciya suke yi. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti kai tsaye. In hadari ya taso kana kan Dala ka sauko, in kana fili kada ka fake a gindin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Da kaka kuwa ƙarangiya ce za ta koya maka hankali, na taɓa ɓata rabin awa a zaure ina cire ta daga wandon yadi, tun daga nan wando mai santsi nake sawa. Kada ka ratsa gonar mutum, ka bi burtali ko gefen iyaka. Ka yi wa duk wanda ka tarar sallama, makiyayi ne ko mai noman rani, sallamar nan ita ce takardar izininka, kuma bayan wata ɗaya su ne za su ce maka yau kada ka bi ta can. Kada ka ɗauki hoton mutane ko gidajensu ba izini, kusa da bariki kuwa ko fito da wayar kada ka yi. Ka faɗa wa na gida inda ka nufa da lokacin dawowarka. Dazuka masu nisa irin su Falgore, ba a shigarsu don an ga hoto mai kyau a Facebook; sai an tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a makon nan, kuma a tafi cikin jama'a.

Mata ma ba a bar ku a baya ba. Uwargidana da maƙwabtanta biyu suna fita ranar Asabar bayan gari ya waye sosai, da hijabansu da takalman kambas, su zaga ta inda mutane ke wucewa su dawo. Da farko an yi ta kallonsu. Yanzu su biyar ne. Ke dai ki samu abokiyar tafiya, ki shirya da na gida, ki zaɓi hanya mai jama'a.

Littafin

In na dawo, wanka, sai koko da ƙosai, sai littafi. A nan ne za ka ga amfanin tsarin. Da can in na buɗe littafi layi uku nake yi hannuna ya tafi neman waya da kansa. Bayan tafiyar awa ɗaya da rabi kuwa jiki ya lafa, sai in yi shafi arba'in ban ɗago ba. Minti arba'in zuwa awa ɗaya ya isa. Wurin zama ya zama ba gado ba, in ba haka ba barci ne zai karanta maka.

Sabon littafi nake so ka nema, ba don tsofaffin sun gaza ba. Waɗanda aka karantar da mu a makaranta, 'ya'yan gasar rubutu ta 1933 da abin da kamfanonin Zariya suka buga bayanta, suna nan daram. Amma akwai daɗi na daban in ka karanta labarin da mutanen cikinsa ke hawa adaidaita, suna fama da tsadar mai, suna rigima a guruf ɗin dangi. Sai ka ji ana magana da kai ne yau. Adabin kasuwar Kano da ya cika gari daga shekarun 1980, lokacin da ake karɓar hayar littafi a shago a mayar, bai mutu ba, ƙaura ya yi. Yawancin marubutan, musamman mata, yanzu a WhatsApp da Wattpad da Facebook suke sakin labari shafi-shafi. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta ta fito da gajerun labarai masu nauyi, kuma gajeren labari shi ne daidai wanda ya daɗe bai yi karatu ba, zama ɗaya ka gama. A Kaduna an fara bikin littattafai na KABAFEST a 2017, in ka bi sunayen waɗanda aka gayyata za ka sami abin karantawa na shekara guda, da Hausa da Turanci. Na takarda kuma ka leƙa masu littattafai a Sabon Gari, na addini da tarihi a Kurmi, in aljihu ba nauyi ga ɗakin karatu na Murtala Muhammad.

Ga dokokina, ba su da yawa. Ina ba littafi shafi talatin. In bai kama ni ba in ajiye ba tare da jin kunya ba, hutu na zo yi ba jarrabawa ba. Ba na karanta littafin koyon arziki ko na sana'a ranar Lahadi, wannan shago ne ya sake kaya ya biyo ni gida. In labarin da ake saki kullum ne, ina jira a kammala shi sannan in karɓa gaba ɗaya, don jiran shafin gobe shi ne ke mayar da mutum cikin guruf, daga guruf kuma sai Allah. Sannan ina biyan marubuci. In an ce littafin na kuɗi ne, ka tura kuɗin, kada ka karɓi wanda wani ya sato ya watsa. Ni na san zafin ka gyara waya a ce "Allah ya saka" a wuce.

Ga kuma dabarar mai gyara, kyauta na ba ka. In dole a waya za ka karanta, kada ka karanta a wadda layinka ke ciki. Kusan kowane gida akwai tsohuwar waya a durowa da aka yar don kyamara ta lalace ko sifika ta mutu. Ka sa a sauya mata batir, kada ka sa mata sim, ka goge komai ka bar manhajar karatu kaɗai, ka tura littattafanka ciki. Ba kira, ba saƙo, ba abin da zai faɗo daga sama yana ƙyalli. Tawa gilashinta a tsage yake ta kusurwa, ta fi shekara biyu tana wannan aiki. Ka ƙara girman rubutu, ka rage hasken. Wanda idonsa ya gaji ko karatu ke yi masa nauyi, akwai masu karanta littattafan Hausa da murya a YouTube da wasu gidajen rediyo. Ka sauke tun da dare ka saurara kana kishingiɗe ido a rufe.

Wani abu da ban zata ba: babbar 'yata, tana aji biyu na ƙaramar sakandare, ta ga ina karatu sai ta fara zama kusa da ni da nata. Ban taɓa ce mata ta yi ba. Shekara nawa ina faɗan "ku ajiye wayar nan" da waya a hannuna.

Kallon

Ba na cikin masu cewa fim ɓata lokaci ne. Finafinai masu dogon zango da Kannywood ta koma yi a 'yan shekarun nan, a YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014, wasunsu an yi musu rubutu mai kyau, kuma su ne abin hira a shago ranar Litinin. Abin da nake ƙi shi ne kallon da ba shi da bakin ƙofa. Don haka nawa bayan la'asar ne ko bayan isha, kashi ɗaya, in ya yi daɗi ƙwarai biyu. A talabijin, tare da iyali, ba kowa da tasa wayar a kusurwa ba. Rabin daɗin ma a musun yake: uwargida na goyon bayan uwar miji, ni ina cewa makira ce, yara na raba gardama. Ka zaɓi abin da za ka kalla tun kafin ka kunna, ka kuma shiga saitin ka kashe maɓallin nan da ke sa wani bidiyo ya biyo bayan wani da kansa. An gina shi ne don kada ka tashi, kuma ya fi ka naci.

Gajerun bidiyon da ake murzawa sama ba na lissafa su cikin nishaɗi ko kaɗan. Ka tambayi kanka bayan awa ɗaya me ka gani, ba za ka kawo uku ba.

Ƙwallo kuwa sai ka auna zuciyarka. Ina da aboki a layinmu da in ƙungiyarsa ta Ingila ta sha kashi ranar Lahadi, har Laraba ba a tambayarsa canji. Wannan ba hutu ya je yi gidan kallo ba. In kana cikin irinsu, gara ka je filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ka ga Pillars ido da ido, ko ka leƙa gidan dambe ka ji kalangu, ko ba komai ka fita ka yi ihu cikin mutane ka dawo da yunwa.

Ƙarfe goma nake rufe komai. Haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta sinadarin melatonin da ke kawo barci, hasken safiya kuma shi ke saita agogon jiki, wato fitar asuba tana yi maka aikin dare tun da safe. Wayata a falo take kwana tana caji. Masu cewa da ita suke tashi sallah, ga agogon tebur mai ƙararrawa, ga kuma ladan.

Ba kowane mako nake cikawa ba. Watan azumi fitar takan koma bayan la'asar ta kuma gajarta, makon sallah kasuwa ba ta barin kowa, akwai kuma Lahadin da ɗaurin aure uku ke haɗuwa. In ya tsinke ba na rama bashi, ba na cewa mako mai zuwa zan yi awa huɗu. Talata na zuwa in sa takalmi in yi rabin awata. Sau ɗaya a shekara, bayan kaka, mukan haɗa kuɗin mota mu huɗu mu tafi Tiga mu wuni a bakin ruwa, muna kuma tara na Yankari don yaran su shiga ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina.

Makon jiya 'yar tawa ta ce za ta bi ni. Mun tarar da dattijon yana kwance wa jakinsa mangala, ta durƙusa ta gaishe shi, ya nuna mata wata ciyawa mai ɗan jan fure ya ce ta faɗi sunanta. Ta dube ni, ni ma na dubi ƙasa. Ya ce, "To, ku biyun ku dawo Lahadi."